Ba Ƙwaya Ce Ta Kashe Alimamy Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, da la'asar, Allah ya karɓi ran Alimamy Fofanah, mawaƙin gambarar zamani wanda duk kudancin Landan ta sani da sunan Old Kent. Ya rasu a wani asibiti da ba zan ambaci sunansa ba, yana da shekara arba'in da ɗaya. Ya bar mahaifiyarsa, Anti Yabom, da 'yarsa guda, Isatu, mai shekara goma sha shida. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni ba Musulma ba ce, amma na ji wannan magana a bakin mahaifiyarsa har ta zauna mini, kuma ban samu wadda ta fi ta ba.

Sunana Claudette Bramwell. Ni ce mai juya masa faifai tun muna matasa, ni ce ke tsaye a bayansa a kowane dandamali da ya taɓa hawa. Na zauna ne in rubuta maka yabo, Alimamy, kamar yadda ake yi wa mamaci, sai na tarar fushi ya cika mini ciki har babu wurin yabon. Ina fushi da jaridun da suka rubuta cewa ƙwaya ce ta kashe ka. Ina fushi da tsohon manajanka, da mutanen asibitin nan. Kai ma ina fushi da kai, kuma ka san ban taɓa ɓoye maka fushina ba, ba zan fara yau ba.

Ciwon sikila ne ya kashe ka. Da shi aka haife ka, da shi ka yi kowace waƙa. Ka sa na yi maka alkawari ba zan taɓa faɗa ba, na kuma riƙe. Yau na saki alkawarin, domin Isatu tana da wannan ciwon, kuma ta koyi yin shiru a wurinka. Idan shirun ya kashe uba, ba zan tsaya ina kallo ya bi 'yar ba.

Na fara saninka a saman dogon benen da muka tashi a ciki a unguwar Peckham, inda wasu yayyenmu suka kafa gidan rediyo ba lasisi, eriya ɗaure a jikin bututun ruwa. Ranar Lahadi da rana ake ba yara dama. A lokacin duk wanda ya kama makirufo sai ya murɗe harshe ya koma Ba'amurke, yaron da bai taɓa wuce Croydon da ke nan kusa da mu ba sai ka ji yana ba da labarin titunan New York. Ka shigo da rigar sanyi har biyu a watan Yuni ana tsananin zafi, siriri, fuskarka ta dattijo, ka karɓi makirufo ka yi magana da irin muryar da kake yi wa mai shago ciniki, kana tsoma Kiriyo, yaren mahaifiyarka na Saliyo, nan da can. Aka yi ta dariya. Wani ya ce a ƙwace abin daga hannun tsohon nan kafin ya fara yi mana wa'azi. Daga nan sunan Old Kent ya bi ka, Old ɗin kuwa tsoho ke nan da Turanci. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na ji ka ambaci lif ɗin benenmu, na'urar hawa sama da ba ta aiki, da warin matattakalarsa, kuma ban taɓa sanin ana iya sa irin wannan a waƙa ba.

Waƙarka ta farko da ta fita daga unguwa a kan miyar ganyen rogon Anti Yabom ce, yadda ƙanshinta ke bin ka makaranta a jikin riga, yadda ka daɗe kana jin kunyarsa, da ranar da ka daina. 'Yan Saliyo suka ɗauke ta, 'yan Gana da 'yan Jamaika suka ce ai da su kake. Bayanta ka yi wadda ka yi lokacin da aka rushe benenmu aka watsa mu, wasu Kent, wasu Luton, inda ka bi gidajen hawa hawa kana kiran sunan wanda ya zauna a kowanne. Har yau idan na saka ta a taro sai na ga manyan maza sun tsaya cik suna jiran a zo hawansu. Ba ka taɓa yin waƙar bindigar da ba ka riƙe ba, ko motar da ba ka hau ba. Masu kamfani sun so ka yi, ka ce musu kai ko lasisin tuƙi ba ka da shi.

Akwai abin da ba zan manta ba. Lokacin da aka fara kiranmu manyan wuraren wasa, wani mai shirya taro ya buga takardar talla da sunanka kaɗai, ya ce wai mutane ba sa biyan kuɗi don ganin mace tana juya faifai. Ka zo wurin, ka zauna a kan akwatin faifaina a bakin ƙofa, ka buɗe ledar gyaɗa. Mutumin ya yi ta zagaye yana gumi. Ka ce masa, "Malam, ni fa bakina kawai na kawo. Waƙar tana cikin akwatin nan, mai akwatin kuma ka ce ba a san ta ba. To mu jira har a san ta." Da alƙalami ya bi takardun bango yana ƙara sunana. Daga ranar babu wanda ya sake gwadawa.

Amma duk wanda ya san harkarmu ya san ba waƙar faifai ke ba mutum suna ba, karawa ce. Mawaƙa biyu, makirufo guda, jama'a kewaye, kowa ya yi wa ɗan'uwansa zambo har ɗaya ya rasa ta cewa. Ƙa'idar kuwa guda ce: duk abin da ka sani game da abokin karawarka makami ne. Aikin uwarsa, takalminsa, budurwar da ta guje shi, ba a bar komai. Shi kuma wanda ake yi wa, dole ya tsaya ƙyam, fuska a ɗaure, ko gira kada ta motsa. Idan jama'a suka ga maganar ta shige shi, ya faɗi ke nan, ko da nasa baitin ya fi. Mun ga yaran da aka gama da su a rana guda, suka ajiye makirufo har abada. Babu wanda ya kai ka iya tsayuwar nan. Ana ce maka dutse, kana jin daɗi.

A wannan makarantar ka koyi ɓoye ciwonka. Baƙin tabarau ɗin da yara suka riƙa kwaikwaya, suna cewa salon Old Kent, don rufe idanunka ne da ke yin rawaya. Rigunan sanyi a tsakiyar bazara, kwalbar ruwan da ba ta barin hannunka, zaman da kake yi a kan lasifika a tsakiyar wasa kamar mai jin kansa, duk ciwon ne. Ni na gane ne a Leeds, ranar da na tarar da kai bayan dandamali ka durƙusa ka ciji hannun rigarka. Da ka samu numfashi, abin da ka fara cewa shi ne, "Bramwell, idan wannan ya fita, sai dai in koma sayar da gyaɗa. Ki rantse." Na ce maka kai wawa ne, sannan na rantse.

Sai aka shiga shekarun rashin zuwa. A sa ranar wasa, a cika wuri, kai kana kwance ana yi maka ƙarin jini. Mutane suka fara cewa girman kai ne, daga baya suka ce shaye-shaye ne. Giles Whitlock, manajanka na lokacin, ya san gaskiya sarai, domin shi ke kai ka asibiti wani lokaci. A gabana ya ce maka a bar mutane su yi ta zato, wai mawaƙi mai shaye-shaye yana da kasuwa, mara lafiya kuwa tausayi kawai yake samu. Ka ƙyale shi, domin maganar ta yi daidai da tsoronka. Giles ɗin nan ne ya fito a makon jiya, da baƙar kwat da muryar tausayi, yana gaya wa 'yan jarida wai ka daɗe kana kokawa da jarabarka. Giles, ka san jarabar da kake nufi ba ta taɓa wanzuwa ba. Ka sayar da ƙaryar yana raye, kana sake sayar da ita gawarsa ba ta huce ba. Ban yafe maka ba, kuma kada ka sake aiko mini da furanni.

Mutumin da suke kira ɗan ƙwaya ko giya bai taɓa kurɓa ba. Shi ne wanda ya yi shekaru yana shiga gidan yari duk mako yana koya wa samari tsara baiti, ba tare da ya bari an ɗauki hoto ba. Shi ne wanda, tun da suka rabu da mahaifiyar Isatu, ya koyi kitso a wurin matan wani shagon kitso a titin Rye Lane, suna yi masa tsiya yana haƙuri, don kada yarinyar ta je makaranta da kai a tsefe. Kitson bai taɓa yin kyau ba, amma ya yi.

Ranar Talatar nan ka tashi da ciwon a ƙirji. Ka bar Isatu ta tafi makaranta ba ka gaya mata ba, ka hau bas kai kaɗai zuwa sashen gaggawa. Ka gaya musu ciwonka, ka gaya musu sunan allurar da ake yi maka da yawanta, domin wanda ya yi shekara arba'in da ciwo ya san maganinsa kamar yadda ya san sunansa. Su kuwa suka dubi baƙin mutum mai haƙorin zinare da baƙin tabarau, wanda ya zo yana kiran sunan allura mai ƙarfi, suka yanke hukuncinsu. Suka ce ka zauna a kira ka.

Ka kuwa zauna. Da ka kira ni na iso da azahar, na hango ka a kujerar roba, bayanka a miƙe, hannu a harɗe, fuska a ɗaure. Na san zaman nan. Na sha ganinsa daga bayan faifaina. Gumi na zuba daga haɓarka, leɓenka ya bushe, amma ko gira ba ta motsa ba. Na je wurin matar da ke kan tebur na ce mata mutumin nan mutuwa yake yi. Ta leƙa ta dube ka, ta ce mini, cikin ladabi kuwa, wanda ke cikin irin ciwon da nake faɗa ba haka yake zama ba. Na dawo na ce maka ka yi ihu, ka faɗi ƙasa, ka yi wani abu. Ka ce mini a hankali, "Akwai yara a wurin nan da suka gane ni." Da gaske akwai su. Ɗayansu ne ya ɗauke ka a waya, kana rawar sanyi tabarau ya zame, ya watsa wa duniya cewa ga Old Kent ya yi tatul. Lokacin da ma'aikatan asibitin suka yarda suka shigar da kai, numfashinka ya riga ya fara sarƙewa. Likitan da ya gan ka a ƙarshe ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wannan kam na shaida.

Ba na so kowa ya karanta wannan ya ce laifinka ne. Ba sai mutum ya yi birgima a ƙasa ba kafin a yarda yana ciwo. Ka faɗa musu gaskiya da bakinka, suka zaɓi su gaskata haƙorinka. Wannan nauyin yana wuyansu, kuma iyalinka za su bi shi har inda ya tsaya. Amma ni da kai, Tsoho, mun san ka taimake su. Ka tsaya musu tsayuwar karawa, alhali ba karawa ake yi ba.

Aka yi jana'iza, aka zo sadakar bakwai a gidan Anti Yabom. Falo ya cika, mata suna ta zuba shinkafa, dattawa suna addu'a. Anti Yabom ta daina zuwa kasuwa saboda kallon da ake yi mata, amma duk da haka ta ce a bar maganar, tunda haka ka so. Na lura ban ga Isatu ba. Na same ta a matattakalar baya, zaune, bayanta a miƙe, hannu a harɗe. Kai na gani a zaman nan. Na tambaye ta tun yaushe ciwon ya kama ta, ta ce ba komai. Na taɓa ƙafarta ta ɗauke numfashi.

"Anti Detty, don Allah kada ki tara mini mutane," ta ce, da sunan da take kirana. "Baba bai taɓa yin raki ba."

Ina nan tsaye sai ga Errol Mattis ya fito shan iska. Errol shi ne babban abokin karawarka, wanda kuka yi shekaru kuna yi wa juna zambo har unguwa ta rabu biyu, yanzu kuwa motar kai kaya yake tuƙawa. Ya dubi yarinyar sau ɗaya, bai tambayi kowa komai ba, ya ce, "Sikila ce. Taso, 'yata, motata na ƙasa." Ya ɗauke ta cak. A hanya Isatu ta tambaye shi wa ya gaya masa.

"Wa zai gaya mini? Na san na ubanki tun kafin a haife ki. Ƙanwata ma da shi ta rasu. Lokacin tana asibiti na je duba ta, na leƙa ɗakin maza, sai ga Old Kent kwance da robar jini, yana barci baki buɗe. Saura 'yan kwanaki mu kara a Brixton."

Isatu ta ce to me ya hana shi faɗa, tunda komai makami ne.

"Na ma tsara baitin, mai zafi kuwa. Sai na tsaya na dubi jama'ar. Yarinya, kin san mutum nawa a wurin nan ke da ɗa ko ƙane mai ciwon? Da na buɗe baki, ni za su jefo daga dandamali, shi kuma su ɗauke shi a kafaɗa. Ubanki gwani ne, amma a nan ya yi wauta. Mu yake ɓoye wa, alhali namu ne."

Na zauna a bayan motar nan, kan Isatu a cinyata, ina jin kamar in fasa gilashi. Shekara ashirin, Alimamy. Wasannin da ka rasa, sunan banzan da ka bari aka laƙa maka, waƙar da ba ka taɓa yi ba a kan abin da ka fi kowa sani. Ka yi wa lif waƙa, ka yi wa miya waƙa, ka kira sunan kowa a benenmu, amma yaran da ke kwance a gadajen asibiti suna sauraronka ba su taɓa sanin ɗan'uwansu ne ke magana ba. Duk don tsoron wani baiti da mai shi ya haɗiye da kansa.

Wani asibitin muka je, ba wancan ba. Da aka ajiye ta a kujera sai na ga ta fara gyara zama, tana miƙe baya. Na durƙusa a gabanta na ce mata nan ba dandamali ba ne, babu wanda zai ba ta maki. Errol ya ce idan tana jin kunya shi zai fara ihun, muryarsa ta fi tata muni. Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye, sai kukan ya fito. Kuka ne na ciwo da na maraici a haɗe, tun ranar da ka rasu ba ta yi shi ba. Aka zo aka ɗauke ta nan da nan. Ta kwana huɗu, ta dawo gida da ƙafarta.

Da na gaya wa Anti Yabom zan rubuta wannan, ta ce in tambayi mai ciwon, domin yanzu sirrin nata ne. Na tambayi Isatu ko in sakaya sunanta. Ta ce in rubuta shi cikakke, Isatu Fofanah, kuma in rubuta sunan ciwon kusa da shi. Ga shi na rubuta.

Allah ya jiƙanka, Alimamy. Allah ya sa ciwon da ka sha tun kana jariri ya zama kankarar zunubanka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka hutun da jikinka bai taɓa samu ba a duniya. Ya yafe maka taurin kanka, ni ma zan yafe, amma ba wannan makon ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Yabom, wadda ta yi jinyar ɗa shekara arba'in da ɗaya ta kuma binne shi da hannunta; Allah ya ba ki haƙuri, ki koma kasuwa ki ɗaga kanki, ɗanki bai sha komai ba. Ina yi wa dangin Fofanah na nan da na Makeni can Saliyo ta'aziyya, da mutanen tsohon benenmu duk inda aka watsa su, da Errol, wanda ya rasa abokin faɗa.

Ke kuma Isatu, Allah ya ba ki tsawon rai da lafiya, ya raya ki fiye da shekarun mahaifinki. Kin gaji muryarsa, kin gaji kunnensa, ki riƙe su da kyau. Shirunsa kuwa mun binne shi tare da shi. Duk ranar da ciwon ya taso, ki faɗa da ƙarfi, ki tara mana mutane, za mu zo.